Ƙasar Ma'aikatun Kano: Bompai, Sharaɗa da Calawa

Duk wanda ya san Kano ya san ba yau ta fara sana'a ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi a gefen Jakara, fatake suna zuwa daga Barno da Gwanja da Agadas, har daga bayan hamada. Sa'ad da wani Bajamushe mai yawon duniya, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka birnin cikin 1851, ya ƙiyasta mazaunansa za su kai 30,000, in lokacin ciniki ya yi kuwa su kan ninka haka. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da a ke saƙawa a rina a nan, a kai su Tambutu da Gat har Tarabulus. Fatar jan akuya kuma da majeman ƙasar Hausa su ke jemewa ta kan ƙetare hamada bisa raƙuma ta shiga Turai, can a riƙa kiranta fatar Maroko, domin ta hannun mutanen Maroko da maƙwabtansu ta ke isa gare su.

Amma ba labarin ciniki za mu bayar a nan ba. Abin da mu ke so mai karatu ya lura da shi shi ne inda dattin waɗannan sana'o'i ya ke zuwa. Majemin dā in ya sami fata, sai ya jiƙa ta cikin ruwan toka don gashi ya saki, ya kankare, ya tsoma ta cikin ruwan kashin tattabara ta yi laushi, sa'an nan ya jeme ta da bagaruwa, ya shafe ta da mai, in ja ya ke so ya rina da karan dafi. To, ku duba, cikin waɗannan duka babu abin da ba daga daji ko gona ko murhu ya fito ba, babu kuma wanda ƙasa ba ta iya cinyewa. Ko gashin da aka kankare ba a yar da shi. Magina su kan saya su haɗa shi da katsi, watau lakar da a ke kwashewa daga gindin rijiyar marina a ƙona, su zuba ruwan dafara su yi laso, su shafe soro da shi, ruwan sama ba ya ratsawa. Shara da toka da kashin dabbobi kuwa, su ne dukiyar manomi. Da rani jakuna su kan shigo ta ƙofofin birni da itace da hatsi, su fita da taki cikin mangala zuwa gonaki. Shi ya sa ƙasar da ke kewaye da Kano, da a ke nomanta shekara bisa shekara ba hutu, ba ta mutu ba, har masana daga ƙasashen waje suka zo suka yi ta nazarin yadda a ke yi.

Kada wani ya ɗauka birnin dā tsaf ya ke. Barth kansa ya yi kukan ƙazantar Jakara da ruwan da ke kwance cikin gari, kowa kuwa ya san warin majema da sauron kududdufi. Abin da mu ke faɗi shi ne, dattin dā mai ruɓewa ne. In an bar shi damina biyu ko uku sai ya koma ƙasa, ƙasar ma ta fi dā ƙarfi.

Turawa suka ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903, suka yi bariki gabas da ganuwa, wajen Nasarawa da Bompai. Hanyar jirgin ƙasa ta iso cikin 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa cikin 1912. Turawa sun sa rai auduga za a riƙa lodi, sai ga manoma sun raja'a ga gyaɗa. Attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, suka shiga sayenta, aka yi ta jera buhuna har suka zama dala. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, En'e ta Kano ta fid da kuɗi daga baitulmali ta kafa injin wutar lantarki da na ruwan famfo a bakin kogin Calawa, wajen Fanshekara, cikin farkon shekarun 1930. Ku riƙe wannan a zuci. Kogin da birni ya fara shan ruwan famfo daga gare shi, shi ne daga baya aka jera wa majemu a gefe.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai tunani ya sake. Mutane suka ce, don me za a riƙa kai gyaɗa da fata da auduga ɗanyu Turai, sa'an nan a komo mana da mai da takalma da yadi mu saya da tsada? Kwarori, watau mutanen Sham da Labanan, da waɗansu Turawa da attajiran gari suka fara kafa injunan matsar man gyaɗa. Aka bi da ma'aikatun sabulu, da alewa, da turare, da kwanoni, da naman gwangwani, da jima, har da inda a ke harhaɗa keken Rale. Bompai aka zaɓa domin tana kusa da tashar jirgi, ga fili, ga shi kuma a wannan lokaci bayan gari ce sosai. Aka ɗauko wani Bature masanin fasalin birane, Trevallion, ya zana yadda Kano za ta faɗaɗa cikin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, Audu Baƙo ya zama Gwamna, sa'an nan kuɗin man fetur suka shigo, ga kuma dokar 1972 wadda ta sa baƙi su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, sai Bompai ta cika. Aka yanka Sharaɗa a kudu maso yamma da birni, kashi uku, bayanta aka yanka Calawa a ƙasar Kumbotso. Masaƙar Bagauda ta Alhaji Isiyaku Rabi'u, da masaƙar Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi, da ma'aikatar harhaɗa manyan motocin Fiat, duk cikin wannan tashe aka yi su. Zuwa farkon shekarun 1980 ma'aikatun Kano ɗaruruwa ne, in ka ɗebe Ikko babu garin da ya fi ta a Nijeriya. Da asuba in aka busa jiniya, sai ka ga hanya ta cika da kekuna.

Wannan alheri ne babba, kada a raina shi. Gidaje dubbai sun ci abinci daga waɗannan wurare, yara da yawa sun yi makaranta da albashin masaƙa. Sai dai an yi tuya an manta da albasa. An yanka filaye, an shimfiɗa hanyoyi, an ja wuta, amma ba a gina wurin da za a tattara ruwan dattin ma'aikatu a tace shi kafin a sake shi ba. Kowace ma'aikata ta fid da lambatunta waje, ruwa kuwa gangare ya ke bi.

A nan ya kamata mu tsaya mu bayyana yadda jimar zamani ta bambanta da ta iyayenmu, gama in ba a fahimci wannan ba, ba za a fahimci sauran maganar ba. Cikin 1884 wani mutum a Amurka, Schultz, ya fid da hanyar jima da gishirin wani ƙarfe da a ke kira kuromiyam. Abin da bagaruwa ke yi cikin kwanaki masu yawa, wannan gishiri ya kan yi shi cikin yini guda, fatar ta fito shuɗiya-shuɗiya, mai laushi, mai jure ruwa da zafi. Saboda haka kusan duk manyan majemun duniya suka koma kansa. Kafin a kai ga jimar, a kan cire gashi da farar ƙasa da wani magani mai farar wuta a ciki, shi ne mai ba da warin nan kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ga kuma gishirin da aka barbaɗa wa ɗanyar fata don kada ta ruɓe a hanya, shi ma wanke shi a ke yi. Tan ɗaya na ɗanyar fata ya kan ci ruwa lita 30,000 ko fiye, watau kusan cikin babbar motar tanki guda. Kuromiyam ɗin da aka zuba kuwa, fata ba ta shanye shi duka, wajen kashi ɗaya cikin uku ya kan fita tare da ruwa. Haka masaƙu su ke zubar da ragowar rini, masu aikin ƙarfe da batir su ke zubar da ruwa mai dalma da waɗansu ƙarafa.

To, ƙarfe ba ya ruɓewa. Wannan ita ce maganar duka. Rana ba ta ƙone shi, damina ba ta cinye shi, sai dai ta ɗauke shi daga nan ta ajiye can. Ya kan kwanta cikin laka a gindin rafi, ya kan maƙale a ƙasar gona, ya kan tsiyaya a hankali ya sami ruwan rijiya. Kuromiyam iri biyu ne. Wanda a ke jima da shi cutarsa da sauƙi, amma in aka ƙona tarkacen fatar da aka jeme da shi, wani sashi ya kan rikiɗa ya koma ɗaya irin, wanda ke cin fatar jiki, ya lalata ƙoda, in an daɗe ana shaƙarsa ya jawo ciwon daji a huhu. Dalma kuwa yara ta fi yi wa ɓarna, ta kan taɓa ƙwaƙwalwarsu tun ba a ga alamar ciwo ba.

Ina ruwan ya ke zuwa? Kano a kan tudu ta ke tsakanin kwari biyu. Ruwan Bompai ya kan shiga rafin Getsi, Getsi ta zuba a Jakara, Jakara kuwa, wadda ta riga ta kwaso dattin cikin birni da na kwata, ta gangara arewa maso gabas ta taru a madatsar Wasai, wadda aka gina cikin 1976. Ruwan Sharaɗa ya kan bi rafin Salanta ya faɗa kogin Calawa. Na ma'aikatun Calawa kuwa ba shi da nisan tafiya, kogin na nan kusa. Daga nan Calawa ta haɗu da kogin Kano kusa da Tamburawa, inda a ke da wata babbar matatar ruwan sha, su zama kogi ɗaya, ya wuce Wudil, ya wuce Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Nguru, ragowarsa ya bi Kumadugu Yobe ya nufi Tafkin Cadi. Ashe lambatun da aka buɗe a Sharaɗa ba na mutanen Sharaɗa kaɗai ba ne.

A gefen waɗannan rafuka akwai masu lambu. Wanda ya bi ta Kwakwaci da rani zai ga latas da kabeji da alayyafo da karas kore shar, ana ba su ruwan Jakara. Malaman Jami'ar Bayero da na waɗansu jami'o'i sun sha ɗiban ruwa da ƙasa da ganye daga Getsi da Jakara da Salanta da Calawa su auna, sun kuwa sha samun ƙarafan nan a wurare da dama fiye da ƙa'idar da likitoci suka yarda da ita. Waɗansu su kan ce laifin masu lambu ne. Mu ba mu ga haka ba. Mutumin da ya gāji gona a bakin rafi, ya gāji kuma al'adar cewa dattin birni taki ne, da rani ba shi da wani ruwa sai wannan, yaya za a ce ya san abin da ba a gani da ido, ba a ji a baki? Al'adar kakanninsa gaskiya ce a zamaninsu. Dattin ne ya sake, ba a kuwa gaya masa ba.

Hukuma ba ta farka ba sai da abu ya faru a nesa. Cikin 1988 aka gano an kawo dubban ganguna na guba daga Italiya an jibge a garin Koko, can bakin teku. Cikin wannan shekara Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar tsare muhalli, cikin 1991 aka fid da ƙa'idar irin ruwan da ma'aikata za ta iya saki, cikin 1992 aka yi dokar cewa duk babban aiki sai an auna illarsa kafin a fara. Cikin 2007 aka kafa sabuwar hukuma, NESREA, cikin 2009 kuma aka yi wa masaƙu da majemu ƙa'idodinsu na musamman. Dokoki dai ga su nan a takarda. Amma sun zo ne sa'ad da Bompai ta riga ta shekara wajen talatin tana zuba, sun kuma zo daidai lokacin da ma'aikatun suka fara durƙushewa.

Labarin durƙushewar ba mai tsawo ba ne. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa cikin 1975 suka kwantar da dala, injunan mai suka rasa abin matsa. Cikin 1986 Gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da a ke sayowa waje suka yi tsada ƙwarai. Wutar lantarki ta zama sai an gani, kowa ya koma ƙona baƙin mai da gas. Cikin 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari a kan kuɗin da masaƙar gida ba ta iya sayarwa. Harin da aka kai Kano ran 20 ga Janairu 2012, wanda ya taɓa har hedkwatar 'yan sanda ta Bompai, ya ƙara korar baƙi masu jari. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Majemu sun fi jurewa, domin fatar akuya da ta tumaki tana da kasuwa a Italiya da Sifen da Sin. Ta shanu kuwa, a nan gida a ke cinye mafi yawanta, ganda.

Yau in mutum ya zaga waɗannan unguwanni uku zai ga iri uku. Akwai masu aiki har yanzu, na roba, da na abinci, da na shinkafa, da majemu. Akwai waɗanda aka mayar sito, ana jibge kayan da aka saƙa a wata ƙasa cikin ɗakin da dā a ke saƙa. Akwai kuma waɗanda aka garƙame, kwano ya yi tsatsa, ciyawa ta fi mutum tsawo, sai mai gadi da 'yan awakinsa. Alhali kuwa garin da aka ƙidaya mutum wajen 295,000 cikin 1963, yau bisa ƙiyasi ya haura miliyan 4. Bompai da Sharaɗa da su ke bayan gari, yanzu gari ya kewaye su ya wuce. Kowace shekara ana yanka gonaki a gefe ana mai da su fuloti, watau ana cinye ƙasar nan da jakuna suka yi shekara ɗaruruwa suna kai wa taki, ga kuwa eka masu yawa a tsakiya kwance, da hanyarsu da turakun wutarsu, ba mai amfani da su.

Malamanmu na dā sun yi magana a kan irin wannan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan yadda a ke mallakar matacciyar ƙasa. A mazhabar Malikiyya, a kan raya ƙasa da haƙa rijiya, ko gini, ko dasa itatuwa, ko sassabe da noma. In alamun rayawar suka shuɗe, zamani ya yi tsawo, ƙasar ta kan koma matacciya, wani ya iya raya ta, in kusa da gari ta ke kuwa sai da izinin shugaba. Sun kuma ce rijiya da kogi da gari kowanne yana da hurumi, wanda ba a yarda wani ya yi abin da zai cuce shi a ciki ba. Dokar Ƙasa ta 1978 ba ta yi nisa da wannan ba. Ta sa ƙasar birni amana a hannun Gwamna, ta ba shi ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, ko in mai takarda ya saɓa sharuɗɗan da aka ba shi a kai, a biya diyyar gini inda ta wajaba. Saboda haka hanyar shari'a a buɗe ta ke. Abin da malaman dā ba su gamu da shi ba shi ne ƙasar da ta mutu saboda abin da aka zuba mata, ba saboda an bar ta ba. Irin wannan ba a raya ta da gini kawai.

Ga abin da ya sami waɗanda suka yi gaggawa. A Amurka, kusa da Nayagara, akwai wani tsohon rami da a ke kira Love Canal, inda wani kamfani ya binne dattin magunguna wajen tan 21,000. Cikin 1953 aka sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala ɗaya, aka gina makaranta a kai, gidaje suka kewaye. Shekara ashirin da biyar bayan haka, cikin 1978, guba ta ɓullo cikin gidaje da filin wasan yara, tilas aka kwashe mutane. Wannan ya sa cikin 1980 aka yi doka a can, aka kafa asusu da harajin kamfanonin mai da na magunguna, don a share wuraren da masu su suka gudu ko suka karye. Mai karatu ya tuna da wannan duk ran da ya ji an ce za a yanka harabar tsohuwar majema a sayar fuloti-fuloti, kowane mai gida ya haƙa rijiyarsa a tsakar gida.

Ƙaura da majemu ma ba magani ba ne in ba a shirya ba. A Dakka, babban birnin Bangaladash, majemun unguwar Hazaribag sun kashe kogin Buriganga, cikin 2017 kotu ta sa aka yanke musu wuta aka tilasta su koma Sabar, bayan gari. Da ya ke matatar da aka yi musu can ba ta kammala sosai ba, sai dattin ya koma wani kogin, tsohon wurin kuma ya zauna da gubarsa. A Indiya kuwa, cikin 1996, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan majemun da suka ɓata kogin Palar, ta ce wanda ya ɓata shi zai biya, da diyyar manoma da kuɗin gyaran ƙasa.

Amma akwai inda aka yi aka ga kyau. A Alƙahira akwai wani tudun juji da aka yi shekara wajen 500 ana zuba wa shara, a gefen tsohon birni. Aka kwashe ƙasa cikin mota wajen 80,000, aka kawo ƙasa mai kyau, aka dasa itatuwa, cikin 2005 aka buɗe Lambun Azhar mai faɗin eka 74. Garin haƙa aka tono ganuwar zamanin Salahuddini da ta nutse cikin juji, aka gyara ta, aka gyara gidajen talakawan unguwar da ke gefe, aka koya wa samarinsu gini da sassaƙa. Ba a kore su ba, wannan shi ne abin lura.

Ba ma sai mun je Masar ba. Cikin 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda dutsen zinariya mai dalma da a ke niƙawa cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitoci suka ce ba amfani a ba yaro magani ya koma ya yi rarrafe cikin ƙurar da ta sa masa ciwo, sai an share ƙasa tukuna. Aka bi gida-gida da na'urar awo, aka kankare ƙasar sama wajen inci biyu da fartanya da shebur, aka zuba a buhuna aka kai rami na musamman aka binne, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. Mutanen ƙauyukan ne suka yi aikin da hannunsu bayan an koya musu. Bagega ta jira har 2013 kafin kuɗin Gwamnatin Tarayya su fito, yara suna ta shan wahala cikin jiran. Daga wannan mun ga aikin ba gagara-badau ba ne, mun kuma ga jinkiri yana da farashi.

To, a Kano daga ina za a fara? A ganinmu, daga ruwa. Ba a shara ana zuba. Kowace majema ta ware ruwan kuromiyam dabam, ta zuba masa maganin da zai sa ƙarfen ya kwanta, ta kwashe shi ta narkar ta sake jima da shi. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, ana yinta a Indiya da Fakistan, tana kuwa rage wa mai ma'aikata kuɗin sayen magani. Ragowar ruwan kuma ya bi bututu a rufe zuwa matata ta gamayya, ɗaya a kowace unguwa, masu ma'aikatu su riƙa biya gwargwadon abin da kowa ya zuba. Gina matata ba shi ne wuya ba, riƙonta ne, gama tana cin wuta dare da rana, tana bukatar ma'aikata masu albashi da ba ya yankewa.

Sa'an nan a buɗe littafi, a rubuta kowane fili: wa ke da shi, me aka taɓa yi a ciki, yaushe aka rufe, yana jingine a banki ko ba ya jingine. Tsofaffin leburori suna nan da rai, su ne suka san inda a ke zuba laka da inda aka binne ganguna, a tambaye su tun suna nan. A haƙa a ɗebi ƙasa da ruwa a auna. Ba duk fili ne ya ɓaci ba. Inda dā a ke yin alewa ko ɗinki, wataƙila shara kaɗai ya ke bukata, a iya yin gidaje ko makaranta ko asibiti. Inda ɓacin kaɗan ne, a kwashe ƙasar sama ko a rufe ta da daɓen siminti, a yi rumfuna masu araha don masu takalma irin na Ƙofar Wambai, da maƙera, da maɗinka, da masu narkar da roba, a kawo musu ruwan famfo, a hana haƙa rijiya. Inda ya yi tsanani, kamar tsofaffin ramukan laka da bakin Getsi da Salanta, a killace, a dasa itatuwan da ba a cin 'ya'yansu da ciyawa irin jema mai dogon saiwa wadda ke riƙe ƙasa, a hana kiwo a ciki. Masu lambu kuwa kada a ce musu su tashi kawai. A haƙa musu rijiyoyi inda awo ya nuna ruwan ƙasa lafiya ya ke, inda bai nuna ba a taimake su su koma renon dashen itatuwa da furanni, abin da ba a kai wa baki.

Akwai dalilin da ya sa maganar ba ta jira. Cikin 2020 aka fara shimfiɗa bututun gas daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano, tsawon kilomita 614. Cikin Janairu 2023 aka buɗe tashar wuta mai aiki da hasken rana, mai megawat 10, a Calawa, aka kuma buɗe tashar kaya ta tudu a Zawaciki. Masu ma'aikatu sun daɗe suna cewa rashin wuta ne ya kashe su. In wuta ta samu, ƙofofin da aka garƙame za su buɗe, gangunan jima za su ƙara juyi, ruwan da ke fita daga Bompai da Sharaɗa da Calawa zai ninka na yau, rafukan kuwa su ne dai Getsi da Salanta, kogin kuma shi ne wanda ke bi ta Tamburawa.